Zani a Ƙasan Gero

Bana azumi ya zagayo ya dawo cikin zafi, daidai inda na bar shi shekarar da aka yi aurena. Tun kafin a ga wata Maiduguri ta ɗauki wuta. Da hantsi ma in ka taɓa ƙofar ƙarfe sai ka janye hannu, ganyen dogon yaro ya yi laushi ya sunkuya, ruwan randa kuwa kamar an sauke shi daga murhu. A cikin wannan zafin na yafa lafayata mafi kyau, na shafa humra, na tari Keke zuwa Kasuwar Monday. Autata Fanna ba ta daɗe da tarewa ba, kuma wannan ne azuminta na farko a gidan miji.

Wanda ba ɗan nan ba zai ce to sai me. A wurinmu amarya ba ta shiga azumin farko hannu rabbana. Iyayenta ne ke aika mata da kayan shan ruwa: gero, wake, sukari, tsamiya, man gyaɗa, dabino, abin da ya sawwaƙa. Sunansa dai abin da ya sawwaƙa, amma a tsakar gidan surukai ake sauke shi, kuma mata suna da ido. Abin da aka sauke a ranar shi yarinya za ta yi ta ji a bakin dangin miji har ta aurar da nata 'ya'yan. Mahaifin Fanna ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Ni kuma na ajiye alli bayan shekara da shekaru ina koyarwa a firamare, ɗan abin da ke shigowa ba ya kai mu ƙarshen wata. Bikin ma da ƙyar muka fita.

Na tarar da kasuwa ta cika maƙil, ba masaka tsinke. In ka tsaya a bakin ƙofa ka ga kawuna, sai ka rantse kuɗi ne ya yi wa mutanen garin nan yawa. Sai ka kutsa ciki ka dubi hannuwa. Mutum zai tsaya ya damƙi gero ya murza, ya tambaya, a faɗa masa, ya yi salati, ya mayar da geron har ƙwayar da ta maƙale a tafinsa, sannan ya matsa rumfa ta gaba ya sake tambaya kamar can wata ƙasar ce. Sukari an ƙulla shi ƙulli-ƙulli kamar maganin gargajiya. Man gyaɗa a 'yar ledar da ba ta kai tafin hannu ba. Masu rumfa suna fifita da yagaggen kwali, sun gaji da amsa tambaya har sun daina ɗaga kai. Gumi, warin busasshen kifi, ƙamshin turaren wuta, duk sun cakuɗe a iska ɗaya mai zafi. Kowa ya zo kasuwa, amma kasuwar ba ta ci.

Lafayar nan ita ta ja mini. Wani mai baro, dattijo da furfura a gemu, ya ga shiga ya ji ƙamshi, ya ɗauka wata babba ce ta zo kwasar buhuna.

"Hajja, wushe, sannu da zuwa. Ta ina za mu fara?"

Na kasa buɗe baki in ce ya nemi wani. Haka ya bi ni layi-layi yana "hanya, hanya," yana raba mini jama'a, baro wayam yana ƙara a bayana. Duk inda na tsaya na ce a auna mini mudu kaza, sai ya kawar da kai ya dubi sama, ni ma in kawar da nawa. Muka gama zagaye, duk abin da na saya ya taru a lungu ɗaya na baron kamar kayan da wani ya manta.

A layin 'yan dabino na hango surukar Fanna, matar da ke zaune a GRA, tana tahowa da 'yarta. Ban tsaya ganin abin da ke hannunta ba. Ni da na yi shekaru ina tsawata wa yara a kan gaskiya, sai ga ni na faɗa rumfar farko da na samu, na juya wa hanya baya. Da idona ya saba da duhun rumfar sai na ga ta masu kwanuka ce. A can ƙarshe, bayan robobi, an jera daro irin na da, fari mai jan fure a gefe. Ina ganinsu sai na tuna shekarar aurena.

Shekara talatin da 'yan kai ke nan.

A unguwar Fezzan muke a lokacin. Damina ta yi gardama sau biyu a jere, kogin Ngadda ya ƙafe har yara suna ƙwallo a cikinsa. Aka rage ma'aikata a inda Baba ke aiki, sunansa ya fito. Kuɗi ya lalace a hannun mutane, abin da ka saya yau gobe ba za ka same shi a haka ba. Da asuba mukan kai bokiti layin famfo, wani lokacin rana ta take kafin ya zo kanmu, wani lokacin famfon ya yi tari ya ɗauke. Shayin safe ya fara rasa madara, daga baya ya rasa sukari, daga baya shi ma ya tafi. Girki ya koma sau ɗaya, da yamma. Iya, mahaifiyata, sana'arta haɗa turaren wuta, amma wa zai sayi ƙamshi cikinsa na kuka? Kwalabenta suka yi ta zama a kan kanta suna tara ƙura.

Abu ɗaya ne wahalar ba ta taɓa ba: akwatin ƙarfen Iya. A ciki take ajiye zannuwanta na fita, waɗanda ta tara tun daga nata auren. Akwai shuɗi mai zanen tsuntsaye, wanda take ɗaurawa ranar Idi. Akwai kore mai ganye, na zuwa suna. Akwai wani ja mai duhu da ta ɗaura ranar da na gama makarantar horon malamai. Duk Juma'a takan fito da su ta kife kwando a kan kasko ta turara su ɗaya bayan ɗaya, ko da kuwa ba inda za ta. Ko a duhu aka miƙo mini zanin Iya, da hanci zan gane shi.

Aka sa aurena da Malam Bukar a watan Sha'aban. Ni na kawo shi, ba wanda ya tilasta ni, kuma gidansu a cikin Yerwa, tsohon gari, gida ne babba mai rufin asiri. Saura 'yan kwanaki biki Iya ta ce in raka ta kasuwa mu sayo kayan azumina tun yanzu, kafin farashi ya sake tashi. Kasuwar ranar kamar ta bana take: turmutsitsi, zafi, mutane suna tambaya suna wucewa. An yi dogon layi a wata rumfa saboda an ji ƙishin-ƙishin sukari ya iso, muka tsaya har inuwa ta gudu daga ƙarƙashinmu, da aka zo kanmu aka ce mudu ɗaya ake ba kowa. Iya ta yi ciniki har muryarta ta dushe. Da muka gama, ni kaɗai na ɗauko kayan duka a kaina, daga kasuwa har gida, ban sauke a hanya ba. Ina faɗin wannan ne don a san na san iyakar abin da aka saya.

Na tare. Gidan su Malam gida ne na tukunya ɗaya. Mahaifiyarsa, Hajja Bintu, ita ke riƙe da makullin ɗakin abinci a bakin zaninta, matan 'ya'yanta kuma suna girki bi da bi. Mace ce doguwa, ba ta da yawan dariya, ba ta kuma ɗaga murya. In ta kalle ka ba ka sanin ko ka burge ta ko ka ba ta haushi.

Ana gobe za a duba wata, bayan la'asar, sai muka ji guɗa a zaure. Ya Kaltum ce, ƙanwar Iya, ta shigo a gaba, 'yan matan unguwarmu a bayanta a jere, kowace da daro a kai. Aka sauke, aka ɗaga faifai. Gero ya cika har da tozo. Wake haka. Shinkafa ma, wadda ban san an saya da yawa ba, ta cika har tana zuba. Matan gida suka fito, maƙwabta suka leƙo ta katanga sannan suka zagayo ta ƙofa. "Masha Allah! A wannan shekarar? Lalle amarya 'yar dangi ce." Ni kuwa kaina ya yi girma. Na san abin da na ɗauko a kaina daga kasuwa, na kuma ga abin da ke gabana, amma ban haɗa biyun ba. Daɗi ya hana ni lissafi.

Ya Kaltum ta matso kamar za ta gyara mini ɗankwali, ta raɗa mini a kunne: "Iyarki ta ce a shigar miki da su ɗaki. Ke kaɗai za ki juye, kin ji? Ke kaɗai."

Ban gane ba. A unguwarmu haka ake yi: a buɗe kaya a gani, uwar miji ta ɗiba da ƙoƙo daga sama a raba wa maƙwabta albarka, sauran a kai wa amarya ɗakinta. Da wannan Iya ta yi lissafi. Ba ta san a gidan da ake tukunya ɗaya ba a kai hatsi ɗakin kowa ba. Kafin in buɗe baki, Hajja Bintu ta sa an shimfiɗa babbar tabarma.

"A juye a nan a sheƙe, sai a zuba a ɗakin abinci. A mayar wa Ya Amsa da kwanukanta yau, kada su kwana."

Ya Amsa ita ce Iya. Na dubi Ya Kaltum, na ga fuskarta ta canja. Hajja da kanta ta kama daron geron ta karkata. Geron ya zubo shaa, bai daɗe yana zuba ba ya tsaya. Sai wani abu ya biyo bayansa ya faɗo tim a kan tabarma. Zani ne, an ninke shi an danne. Shuɗi mai zanen tsuntsaye.

Tsakar gidan ya yi tsit, har ina jin kukan kurciya a kan dogon yaron ƙofar gida. Geron da ke kan tabarma bai kai rabin daro ba. Na ji kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Na roƙi Allah ƙasa ta tsage in shige, ƙasa ta ƙi.

Hajja Bintu ta sunkuya ta ɗauki zanin. Ta warware shi, ta kakkaɓe geron da ya maƙale, ta kai hanci ta shinshina. Sannan ta ɗaga shi sama yadda kowa zai gani.

"Kai, Ya Amsa! Ashe har da ni a cikin saƙon? Ku duba yadda ta ɓoye mini tsaraba a ƙasan gero, don kada in ce ta wahalar da kanta. Wannan ita ce mace mai kunya."

A take ta ɗaura shi a kan nata. Wata tsohuwa daga maƙwabta ta rangaɗa guɗa, sauran suka bi. Aka juye wake, kore mai ganye ya faɗo, Hajja ta miƙa wa matar babban ɗanta. Aka juye shinkafa, jan ya faɗo, ta ba matar ɗanta na biyu. Haka aka bi daro-daro, duk wanda aka kifar sai zani ya fito, duk zanin da ya fito sai ya sami mai shi. Ana ta sa wa Iya albarka. Ya Kaltum tana murmushi tana amsa godiya, hawaye na bin gefen hancinta, ana cewa na farin ciki ne. Kafin magariba akwatin Iya kaf ya rabu a tsakar gidan surukaina.

Babu wadda ba ta gane ba a cikinsu. Mata ne, su ma daga wannan kasuwar suke ci.

Azumin shekarar ya yi tsawo. Da an idar da sallar azahar muke fara daka, leɓe ya bushe ya tsage, taɓarya tana zame wa hannu saboda gumi. A jiƙa tsamiya, a naɗe randa da jiƙaƙƙen buhu ko ruwa zai yi sanyi, a wanke wake a kai niƙa, a dawo a zauna gaban kaskon ƙosai, zafin wuta a gaba, zafin rana a baya. Geron da aka kawo daga gidanmu bai yi mako ba ya ƙare, ba wanda ya ce uffan. Amma duk inda na juya sai in ga Iya. Ga ta a bakin murhu cikin koren zani, mai yana fantsar masa. Ga ta a bakin rijiya cikin ja. Ƙamshin turarenta ya yi kwanaki a jikinsu kafin hayaƙin itace ya cinye shi. Sau ɗaya matar babban wan Malam ta kalle ni muna tankaɗe, ta shafa zanin da ke jikinta ta ce, "Amarya, gidanku akwai dabara." Tana murmushi ta faɗa. Na sunkuyar da kai na ci gaba da tankaɗe.

Ranar Sallah aka ce Iya ba ta je Idi ba, ƙafa ke damunta. Washegari da zan je gaishe su, Hajja Bintu ta kira ni ɗakinta ta miƙo mini turmin atamfa sabo fil, da takardarsa a manne.

"Ki kai wa Ya Amsa. Ki ce na ga saƙo."

Na sami Iya a tsakar gida cikin koɗaɗɗen zanin da take daka da shi, ranar biyu ga Sallah, baƙi suna shigowa suna fita. Ƙafarta lafiya lau. Na durƙusa na gaishe ta na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Allah ya saka mata da alheri." Ta shiga ɗaki, na ji ta buɗe akwatin ƙarfen, na ji ƙarar turmin da ya faɗa har ƙasa, don ba abin da zai tare shi. Ta fito ta tambaye ni ko ina cin abinci sosai. Ban taɓa ganin ta ɗinka atamfar ba, na ɗauka ta sayar an ci tuwo. Daga ranar ba ta ɗaga maganar ba, ni ma ban ɗaga ba.

Har Hajja Bintu ta koma ga Allah ban iya yanke mata hukunci a raina ba. Ta rufa mini asiri a gaban mutane, wannan ba shakka, ban taɓa jin an goranta mini a fili ba. Amma da zannuwan uwata ta rufa shi. Wata rana in ce babu mai kirkinta, wata rana in tuna yadda ta ɗaura shuɗin nan ta je Idi da shi.

"Hajja, daro za a ba ki?"

Mai rumfar ne ya dawo da ni. Na leƙa waje, surukar Fanna ta wuce. Mai baro yana nan tsaye a rana yana jirana.

"Yanzu ba a cika neman irin waɗannan ba," in ji mai rumfar. "Kowa buhu da kwali yake aikawa, a ɗauka a waya a nuna wa duniya."

"Mu na gargajiya muke yi," na ce.

"Allah ya yi albarka, Hajja. Irinku ne suka rage."

Yabon nan ya fi zagi ciwo. Na san abin da ya sa nake son daro: buhu ba ya ɓoye rabinsa, daro kuwa yana da ƙasa. Na zaɓi babba ɗaya da ƙanana. Da aka ɗora su a baro sai ya yi kama da na mai sayayya, har dattijon ya ƙara ƙarfin "hanya, hanya."

Iya tana wurina yanzu, tsufa ya kama ta, idonta ya rage gani. Na same ta a kan tabarma a inuwar baranda tana jan carbi. Na wanke kwanukan na goge, na zuba wake da tsamiya da dabino a ƙananan, suka cika ba laifi. Na juye gero a babban. Ya tsaya a rabi. Na girgiza shi, na tara shi tsakiya, na ja baya na duba. Rabi dai. Gobe za a sauke wannan a gaban matar GRA da danginta, Fanna tana tsaye.

Na mayar da geron cikin leda. Na shiga ɗaki na ɗauko wani tsohon zanin gado, na fito da shi a bayana kamar ɓarauniya, na tsuguna na ba Iya baya.

"Yagana."

"Na'am, Iya."

"Ba tsumma ake sawa ba. Abinci ne."

Na kasa juyowa. Zanin gadon yana hannuna.

"Je ki buɗe akwatina. Can ƙasa, ƙarƙashin likkafanina."

Na je. Akwatin ƙarfen nan ne dai, ya yi tsatsa a gefe. Na ɗaga farin yadin da ta tanada wa kanta, sai ga turmin atamfar Hajja Bintu. Takardar ta yi ja, ninkin ya kwanta ya yi kaifi, amma almakashi bai taɓa shi ba. Ƙamshin turaren Iya ya kama shi har cikin zare. Na fito da shi na durƙusa a gabanta.

"Iya, ba ki ɗinka ba?"

"In ɗaura in je ina da shi?" Ta ajiye carbin. "Ki ninka shi huɗu, ki danna gefe-gefen sosai. In kin bar rami gero zai zurare tun a hanya."

"In sun juye fa, Iya?"

"Za su juye." "Nawa duk an gan su a jikina, shi ya sa ba wadda ta yarda. Wannan sabo ne. In ya faɗo, Fanna za ta iya ɗaga kai ta ce tsaraba ce."

Iyakar maganar da muka taɓa yi a kai ke nan, ni da ita, a shekara talatin da 'yan kai.

Na ninka shi huɗu, na shimfiɗa a ƙasan daron, na danna gefe-gefen. Na zuba gero a kai, ya hau, ya cika har da tozo. Iya ta matso, ta lalubo bakin daron, ta sa tafinta tana shafa tozon tana daidaita shi.